Maliki Mai Jigo da Amanar Tsofaffin Gungu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki, ka isar mana da gaisuwa da godiya. Ranka ya daɗe Hakimi. Dagatai da masu unguwanni, barkanku da zuwa. Malam Liman da malamanmu, Allah ya gafarta maku. Sarkin Ruwa da masunta da matuƙa jirgi, sannunku. Fasto da jama'ar da suka gangaro daga tudu tun da safe a ƙasa, mun ga ƙoƙarinku. Shugabannin ƙungiyar ci gaban gari da kuka taso daga birni, sannunku da hanya, na ga an ba ku kujerun gaba, ku zauna da kyau don akwai rabonku a cikin maganata.

Hafsatu, matar marigayi, na san kina takaba ba ki fito ba, amma an juya lasifika ɗaya wajen cikin gida don ki ji. Ruƙayyatu ɗiyata, ɗiyar abokina. Bashiru, ƙanen marigayi, ƙanena. Allah ya ba ku haƙuri. Assalamu alaikum.

Wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Mati mai jiragen ruwa. Aji uku na yi a sakandare na fito. Ban gaji jirgi ba, ban gaji inji ba, da dakon kwandon kifi a bakin ruwan Yelwa na fara, yau kuma duk wanda zai ƙetare zuwa kasuwar Wara ya san launin jiragena. Ba don alfahari na faɗa ba. Na faɗa ne don ku san ba na jiran kwangila a hannun kowa, ba na neman kujera, saboda haka abin da iyalin marigayi suka ɗora mani na faɗa a kan Maliki, zan faɗe shi yadda yake. Wanda ya zo jin yabo mai sanyi ya ci shinkafa ya tafi, to ya yi haƙuri.

Mu yara ne lokacin da aka tare ruwa a Kainji. Aka zo da manyan jirage aka kwashe mu daga tsibirinmu, Gungun Dudu, aka sauke mu nan cikin gidajen siminti da ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba. Ni da Maliki jirgi ɗaya muka shiga. Ni ina kallon gaba, ina lissafin inda za mu. Shi kuwa ya juya baya yana kallon rimin ƙofar gidansu har ya ɓace. Haka muka rayu. Ni na ci gaba da kallon gaba har na zama abin da na zama. Shi bai taɓa gama juyowa ba.

Ya kasance mai gyaran rediyo a kasuwar Yelwa, cikin wata rumfa da in ka miƙe tsaye kanka zai bugi kwano. Ya kasance mutum mai hannu, wanda in ka ba shi abin da ya mutu sai ya saurare shi tukuna kafin ya taɓa shi. Ya kasance mai ƙarancin magana, sai dai in an taɓo zancen gungu, a nan kam sai ka nemi wurin zama.

Ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiharmu ta Kebbi, wani alhaji ya dawo daga Makka da kyamarar bidiyo, irin babbar nan da ake saɓawa a kafaɗa. Ranar sunan jikansa aka ɗauke ta za a ƙetare da ita, ta suɓuce ta faɗa ruwa. Aka tsamo ta tana zubar da laka. Aka kawo wa Maliki don dai a ce an gwada. Ya kwance ta gaba ɗaya, ya shanya kayan cikinta a kan faifai a inuwa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza. Damina ta shiga ta fita yana kanta. Ran da ta buɗe ido, batirinta ya riga ya mutu murus, sai ya haɗa mata waya zuwa batirin mota, ya yi wa batirin akwatin katako mai igiya yana goyawa a baya kamar jariri. Alhajin ya ga wahalar ta fi ƙarfinsa, ya ce Maliki ya riƙe ta, in dai zai riƙa ɗaukar masa sabgogin gidansa.

Da ni ne, da gidan ɗaukar biki na buɗe, kuma da na yi arziki da shi, kun san ni. Na ba shi wannan shawara. Ya ce: "Alhaji, tsohwaffinmu suna mutuwa. Duk wanda yat tahi, da unguwa guda shika tahiya cikin kainai. Yara ba su jin Gunganci. Ni so nika in aje su."

Wannan shi ne aikin Maliki. Biki da suna da kuka san shi da su, hanyar samun kaset ce kawai. Aikinsa shi ne ya zaunar da tsofaffin da suka san gungu su faɗi yadda yake, wa ke maƙwabtaka da wa, ina ake binne mutane, ina ake shanya albasa, da wace waƙa ake jan taru. Kuma ba shi da kayan aiki ko ɗaya ban da wannan kyamara da ta sha ruwa. Duk sauran da hannunsa ya yi su, daga abin da muka zubar.

Na tuna ran da na same shi a wurin gyaran jiragena yana tsintar karyayyun filafilan tuƙi. Na ce: "Maliki, itacen girki ya ƙare gidanka?" Ya ce: "Ƙahwa nika nema ma kyamara. Hannuna na rawa, tsohwaffi suna hitowa awa masu zazzaɓi." Filafili uku ya haɗa da noti, ya ɗora masu cibiyar tayar keke mai boris a sama, kyamara ta zauna tana juyawa hagu da dama sumul, ba ƙara ba gargada.

Iskar bakin ruwa tana cinye magana. Sai ya ɗaure makirfo a kan gorar tuƙi, ya sa masa riga ta fatar zomo, gashi a waje. Iska ta daina shiga, muryar tsoho ta fito tas. Me muka ce? Muka ce Maliki ya fara tsafi, yana yawo da zomo a sanda. Ɗakunan tsofaffi duhu gare su, fuska ba ta fitowa. Sai ya bi masu tireda yana roƙon takardar azurfar da ke cikin kwalin taba, ya manne ta da ƙaro a jikin manyan faya-fayai, a tsaya a ƙofa a tare rana a watsa ta cikin ɗaki. Muka ce ya koma tsintar bola. In zai ɗauki gaɓar ruwa daga cikin jirgi, girgizar inji tana ɓata hoto. Sai ya yanyanka tsohon tiyub, ya rataye kyamara a tsakiyar wani firam da robar ta kowane gefe, ya ce wa direbana ya ba jirgi wuta sannan ya kashe inji a bar shi ya sulale da kansa. Wallahi wanda ya kalli wannan hoto zai rantse a kan tsuntsu aka ɗauke shi.

Sai zancen jigo, wanda da shi kuka sa masa suna.

Kun san ƙarshen bazara, in ruwa ya ja baya sosai, kan tudun Gungun Dudu yakan leƙo. Shekarar da ya fara zuwa, ni na kai shi. Ya yini yana ɗauka, muka dawo muka sa a talabijin. Laka. Laka kawai da kututture, ba abin da za ka nuna wa yaro ka ce nan garinku ne. Muka koma. Ya hau wani busasshen itace don ya hango nesa, da ya duba ƙasa sai ya ga abin da ba a gani daga tsaye: da'irar kowane ɗaki tana nan a kwance cikin laka, da duwatsun gindin rumbu, da layin katanga, gari guda a shimfiɗe kamar zanen tabarma. Yana cikin ihu yana kirana reshen ya karye, ya faɗo ya karya hannu.

Yana jinyar wannan hannu ne a bakin wani lambun albasa ya zauna yana kallon mai ban ruwa yana aiki da jigo. Doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, a ja ta sauka, a saki ta tashi. Abin da kakanninmu suke yi tun a gungu, abin da kowannenmu ya gani har ya daina gani. Maliki ya ce in jigo zai ɗaga guga cike da ruwa, zai ɗaga kyamara.

Ya hau tudu ya sami Philip kafinta, ga shi can zaune kusa da Fasto. Philip, ka gyara mani in na yi kuskure. Ka ce masa: "Maliki, kai dai faɗi tsawo ni in yanke. Amma in ta faɗo ka ce iska ce, kar ka ce Philip." Su biyu suka yi shi. Gindi na katako mai kwancewa don ya shiga jirgi, doguwar gora biyu haɗe, buhun yashi a baya maimakon laka, wayar birkin keke tana tafiya har sama don a sunkuyar da kan kyamara daga ƙasa. Tun da ba zai iya leƙa idon kyamara tana sama ba, sai ya jawo waya zuwa wata 'yar ƙaramar talabijin marar launi, ya lulluɓe ta da zane saboda hasken rana. Musulmi ɗan ruwa da Kirista ɗan tudu, ba wanda ya aike su, ba wanda ya ba su ko ƙusa ɗaya.

Ran da aka fara ɗaga shi a kufai ina wurin. Mun ɗauki tsohon Sarkin Ruwa, mahaifin wanda ke zaune nan, Allah ya jiƙansa, a kujera muka sauke shi daga jirgi. Philip ya danna buhun yashi, kyamara ta tashi sama. Maliki ya ce: "Baba, sa kanka cikin zanen ga." Tsoho ya sa kai. Can sai muka ji muryarsa daga cikin zane: "Ga gidan Dogo. Ga rumbunanmu, ukku na, ɗaya na gero. Wanga lungu nan amare ka bi zuwa ruwa." Ya yi ta kiran gidaje da sunan masu su, har da waɗanda 'ya'yansu suka manta. Da ya fito da kai, ya tuɓe hularsa ya zauna daɓas a cikin laka da babbar rigarsa. Ba wanda ya iya ce masa ya tashi. Ran nan ya yi magana har rana ta karkata, kyamara tana ɗauka.

Wannan shi ne mutumin da muka kira Mai Jigo muna ƙyafta wa juna ido.

Ya kasance duk wanda zai aurar da ɗiya a garin nan sai ya aika masa, ya zo ya tsaya a rana tun hantsi, a ci abinci a wanke hannu ba a tuna da shi ba. Ya kasance in ya kawo kaset an kalla an ji daɗi, sai a ce amma dai da na birni aka kira da ya fi. Ya kasance bai taɓa mayar wa kowa magana ba, kuma wallahi wannan hali nasa ya sha ba ni haushi, don ni ba a yi mani haka in kwana da shi.

Yanzu na zo kanku, mutanen kujerun gaba. Ni ba ɗan ƙungiyarku ba ne, ban taɓa yankar katinta ba, don haka ba ku da abin da za ku kore ni daga ciki.

Shekarar da kuka yi taron ƙaddamar da asusun gari na farko, Maliki ya kafa jigonsa a gefen fili tun da safe don ya ɗauki taron daga sama, kyauta, don garinsu ne. Ɗayanku ya zo ya ce masa, a gaban mutane: "Ka janye wanga abin kunya kahin baƙi su iso, kada su ce har yanzu ban ruwa muka yi." Maliki ya kwance shi ya ɗora a amalanke ya tura gida. Ban ambaci suna ba, mai maganar ya san kansa.

Wannan ma da sauƙi. Bana, Maliki yana kwance asibiti cikinsa ya kumbura, Hafsatu tana can tana jinya, kuka yi taro na biyu. Mai ɗaukar hoton da kuka ɗauko daga birni kaset ya ƙare masa a tsakiyar jawabi. Kuka aika gidan Maliki, aka sa maƙwabciya ta buɗe ɗaki, aka ɗauko ɗaya daga kan kanta. Ku saurara da kyau, jama'a. Kowane kaset yana da wani ɗan haƙori a bayansa. In an karya shi, inji ba zai yarda ya ɗauki sabon abu a kai ba. Duk kaset ɗin da ya ɗauki tsoho a ciki, Maliki yakan karya wannan haƙori nan take, tun kafin a bar wurin. Wanda kuka ɗauko haƙorinsa a karye yake. Kyamara ta ƙi. Sai aka nemo salatif aka toshe ramin, ta yarda. Ba kuskure ba ne. Kaset ɗin ya ce maku a'a, kuka rufe masa baki.

Na tsohon Sarkin Ruwa ne. Na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ku ne a ciki, kuna cin kaji, kuna gyara hula, ana kiran sunayenku ana tafi. Sai can a ƙarshe, inda taronku ya ƙare, hoton ya yi tsalle, hannun tsoho ya fito yana nuna wani wuri a cikin laka, ya ce "nan ne", kaset ya ƙare. Nan ne me? Ku je ku tambaye shi a kabari.

Labarin ya riga ni isa asibiti. Na shiga ina huci, ina cewa sai na kai ƙara. Maliki ya ce: "Sun dai hito da kyau?" Na ce duhu ya yi yawa, rabin fuskokin ba a gane su. Ya ce: "Ai da sun gaya mani da na ba su hwaihwan tare rana." Ya juya fuskarsa wajen bango. Daga ran nan bai ƙara tambayar kyamara ba, har Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba na cewa ku kuka kashe shi. Ajali na Allah ne. Amma yau da na ga kun kawo hotonsa a firam kun jingina a gaban tebur, kuna cewa gwarzon gari, na ce to, bari su ji daga bakin wanda ya riƙe masa batir.

Abin da ya wuce ba ya dawowa. Na tsaya nan ne saboda abin da bai riga ya wuce ba.

An yi rabon gado. Malam Liman, ba ina sukar shari'a ba ne, Allah ya tsare ni, mata da ɗiya da ɗan'uwa kowa an ba shi abin da Allah ya yanka masa. Maganata a kan masu ƙiyasin kaya ce. Sun shiga ɗakin Maliki suka ga jigo, suka ce itace da ƙarfe. Suka ga kaset-kaset a ɗaure dami-dami da zaren taru. Maliki ba ya rubutu a jikinsu, da zare yake gane su: ja na unguwar masunta, shuɗi na manoman albasa, fari na mata. Masu ƙiyasi suka kwance zaren duka don su ji daɗin ƙirga, suka cakuɗa su, suka kasa su kashi-kashi kamar kifi a bakin ruwa. Tsoho ɗaya farkon maganarsa yana kashin Hafsatu, ƙarshenta yana kashin Bashiru.

Hafsatu ta aiko mani daga cikin takaba cewa ta fitar da nata daga gado, sadaka ga gari. Ruƙayyatu ma haka. Sarkin Ruwa ya ba da ɗaki a zaurensa, Philip ya yi alkawarin kabad mai ƙafa saboda danshi, makulli zai zauna hannun Ruƙayyatu, a riƙa nuna wa yara. Allah ya saka maku. Saura kashi ɗaya.

Bashiru, ƙanena. Kana da gidan kallo a Yelwa, kuma kashinka yana cikin kwali a ƙarƙashin teburinka, kana jiran a gama wannan taro ka juye finafinan haya a kansu. Na zo na same ka mu biyu, ba sau ɗaya ba. Na ce zan kawo maka sababbi a leda madadin kowane ɗaya. Ka ƙi. Abin da ka ce mani zan faɗa a gaban jama'a, ba don in kunyata ka ba, don a san kai ma kana da taka gaskiyar. Ka ce: "Alhaji, ba kaset nika so ba. So nika in daina jin zancen ga. Jirgin babanmu anka tsaga anka yi gindin jigo. Inna ta yi ciwo ni nay yi ta hwama, shi yana gungu yana ɗaukar laka. Shekara da shekaru aka ce mani ƙanen Mai Jigo ana dariya. Ya isa."

Na ji ka. Jirgin babanku kam an tsaga shi, ina wurin, ko da yake ya riga ya daina hawa ruwa. Jinyar Inna kai ka ɗauki nauyinta, garin nan shaida ne, Allah ya ba ka lada. Dariyar kuwa, ga masu yin ta nan zaune, wasu ma sun yi hawaye da safe. Amma wanda ya sa ka jin kunyar yayanka ba yayanka ba ne, mu ne. In za ka rama, ka rama a kanmu. Tsofaffin da ke cikin kwalin nan ba su yi maka komai ba, kuma yawancinsu ba su da sauran murya a duniya sai wadda ke ƙarƙashin teburinka.

Akwai abin da ba ka sani ba, don duk lokacin da Maliki ya ce ka zo ka kalli wani abu sai ka ce kana da aiki. Shekarar da ta gabaci ciwonta, mun kai Inna Tamada, mahaifiyarku, kufai. Ita ta nema. A bayana na goye ta daga jirgi zuwa tudu. Ba ta nemi a ɗaga jigo ba, ta ce ita ba ta bukatar a nuna mata gidanta daga sama. Ta taka da sandarta kai tsaye ta tsaya a tsakiyar wata da'ira, ta ce a kawo zomon nan kusa da bakinta. Da Gunganci ta yi magana, ga abin da ta ce da Hausa: "Nan ne ɗakina. Nan na haifi Maliki, nan na haifi auta. Cibiyarsa tana ƙarƙashin dutsen can, ni na binne ta da hannuna. Maliki ya san gungu, ya yi wasa a cikinsa. Auta a goye na fito da shi, bai san komai ba, shi ya sa yake jin kamar daga sama ya faɗo. Wannan maganar ba ta gari ba ce, tasa ce. A nuna masa." Sannan ta yi maka waƙar da take yi maka a goye, ta yi dariya ta ce ta manta ƙarshen.

Ruƙayyatu ta zauna ta kalli kashinta da na mahaifiyarta kaf, ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta ciki. Tana cikin kwalinka, Bashiru. Wanne ne daga ciki, ba wanda ya sani, tun da an kwance zare. Ran da ka yanki salatif ka toshe ramin farko, ba za ka san ko bakin wa ka rufe ba.

Ba zan ƙara zuwa shagonka ba, na zo iya zuwana. Ba zan kuma saya ba, ko da ka ce ka sayar, don Maliki bai sayi maganar mutanen nan ba, amana suka ba shi, kuma ni ba na cinikin amana. Ga abin da zan yi. Gobe kasuwar Wara ce, ranar da jiragena suka fi cika. Babban jirgina ba zai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Zai tsaya a bakin ruwan Yelwa tun da safe, inji a kashe, ni kuma ina zaune a ciki. In ka zo da kwalin, ni da kaina zan tuƙo ka zuwa nan, mu zauna a zauren Sarkin Ruwa mu yi ta sawa har mu kai ga Inna, sannan kowa ya fita a bar ka da ita. In ba ka zo ba har rana ta faɗi, zan dawo da jirgin wayam, kuma duk wanda ke bakin ruwa zai gan shi ya san abin da ya faru. Ba zan ce komai ba. Ba zan ƙara ɗaga maganar ba har in mutu.

Ina godiya ga wakilin Mai Martaba da Hakimi da malamai da suka yi haƙuri da tsawon harshena. Ina godiya ga matan unguwa da suka yi girki, da matuƙan da suka ƙetaro da baƙi ba su karɓi komai ba. Philip, na gode, kai kaɗai ne ba ka taɓa yi masa dariya ba sai wadda kuka yi tare.

Ya Allah, ga bawanka Maliki ɗan Tamada ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci. Ka haɗa shi da tsofaffin da ya tsaya a rana yana saurarensu lokacin da muka ƙosa da su. Ka jiƙan Inna Tamada da tsohon Sarkin Ruwa da dukan waɗanda kaburburansu ke ƙarƙashin ruwan nan. Ka ba Hafsatu haƙuri, ka yi wa Ruƙayyatu albarka. Ka yafe mana wulaƙancin da muka yi wa mutumin kirki yana da rai. Ya Allah, zukata a hannunka suke, ka sassauta zuciyar Bashiru, ka nuna masa hanyar bakin ruwa gobe da safe.

Amin. Malam Liman, a yi mana Fatiha.